Ayarin Kekuna a Turbar Jugu

Hausa ba ta yi wa hanya rowar suna ba. Akwai gwadabe, babbar hanya mai faɗi wadda mahaya ke jerawa a kanta kafaɗa da kafaɗa. Akwai burtali, wanda ake bari tsakanin shingen gonaki domin shanu su wuce ba tare da sun yi ɓarna ba. Akwai titi, ɗan zamani, da tafarki, wanda ya fi yawo a bakin malamai idan ana zancen shiriya. Sai kuma turba. A bakin mutanen karkara, turba ita ce siririyar hanyar da tafin ƙafa ya fitar, ba diga ba shebur, faɗinta bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, ciyawa dama da hagu. Mutum biyu ba sa jerawa a kanta. Dole ɗaya ya shige gaba, ɗaya ya biyo baya, ko da kuwa sarki ne da bafadensa.

Masu iya magana sun ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Karin magana ne da ya dace da kasuwa da fagen tsere. Amma a Zangon Paraku akwai wani mai gyaran keke da ba ya son a yi shi a gabansa, kuma dalilinsa a kan turba ya samo shi.

Paraku ita ce hedkwatar lardin Borgu a arewacin Jamhuriyar Benin. A nan layin dogon da ya taso daga Kwatano ya ƙare bayan kilomita 438, shi ya sa a da, tun daga zamanin Faransawa, a nan aka riƙa sauke kayan da za su Nijar daga jirgi ana ɗora wa manyan motoci. A ƙidayar 2013 mutanenta sun haura 250,000. Bargawa ne masu ƙasa, Dendanci ne harshen ciniki, ga Fulani, ga Yarbawa, ga kuma Hausawa a Zango da kewayen kasuwar Arzeke, wadda kunnen Bahaushe ke jin arziki a cikin sunanta. A Zangon nan, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, mutumin nan yake da rumfarsa. Ya ba hamsin baya. Ya ga lokacin da keke ke cikin kayan alfaharin ango, ya kuma ga lokacin da babura suka cika gari, masu kabukabu da ake kira zemijan suka mamaye tituna, har ya zama yakan yi wuni guda bai yi faci biyu ba.

Abin da ya dawo masa da aiki shi ne kekunan gwanjo masu kaurin taya da ke shigowa ta tashar jiragen ruwan Kwatano. Samari suna kiransu da haruffan Faransanci uku, VTT, shi kuwa keken daji yake cewa. Asalin irin wannan keke daga Amurka ne. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu nauyi suna gangarowa da su daga duwatsun yankin Tamalpais. A 1976 suka soma tseren gangara da suka raɗa wa suna Repack, a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper a kasuwa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta. A can ƙasashen har gina siraran hanyoyi ake yi musamman domin masu wannan wasa, a dasa musu duwatsu, a karkata musu kwana. Da wani ɗan jami'a ya ba shi wannan labari, mai gyaran ya yi murmushi ya ce, "To, ai manomin Borgu ya daɗe yana yin wannan a kan Raleigh, da buhun doya a bayansa, ba wanda ya ba shi lambar yabo."

Su tara ne suke fita. Uku ɗaliban Jami'ar Paraku ne, wadda aka kafa a 2001, sauran akwai mai koyon ɗinki, da ɗan mahauci, da biyu masu sayar da kayan waya, da wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu da kowa ke kira Auta. Ba su da sunan ƙungiya, ba su da riga iri ɗaya, hular kwano ma biyar gare su. Shi kuwa Kawu suke ce masa, in an shiga daji kuma su ce Madugu.

Watannin da Turawa ke fita yawon keke cikin zafin ƙasarsu, wato Yuni zuwa Agusta, a nan tsakiyar damina ne. Ruwa yakan sauka daga wajen Afrilu ko Mayu har zuwa Oktoba, fiye da milimita 1,000 a shekara, kuma ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Mai hankali zai ce a bari sai kaka ta yi, ƙasa ta tsane. Sai dai dogon hutun makaranta a damina yake faɗowa, kuma a lokacin ne kaɗai su taran ke samun haɗuwa. Saboda haka turbar da suka fi sani ita ce ta damina, wadda gamba ke rufe ta har mahayi ba ya hango abin da ke gabansa taki goma, raɓa ta jiƙa masa wando tun kafin rana ta fito, jar laka ta cushe tsakanin taya da ƙarfe har keke ya ƙi juyawa sai an sa tsinke an ƙwaƙule.

A turbobin gabashin gari, wajen kogin Okpara, Kawu ya koya musu hawa. Bai taɓa karanta littafi a kai ba, faɗuwa ce ta karantar da shi. Yakan ce keke inda ido ya je nan yake zuwa, don haka wanda ya ƙura wa kututture ido, kututturen zai rungume, sai dai a dubi ɗan sararin da ke gefensa. A gangara, mahayi ya tashi daga sirdi ya ja jikinsa baya, ya daidaita fedoji biyu kada ɗaya ta daki dutse. Birkin gaba shi ne mai ƙarfi, amma wanda ya damƙe shi gaba ɗaya zai tsinci kansa a gaban kekensa, saboda haka lallaɓa shi ake yi, kamar yadda ake ja wa doki linzami. A yashi ba a daina taka feda, ba a kuma murɗa kai da ƙarfi. Saiwar da ruwa ya jiƙa ta fi sabulu santsi, a kan miƙe ake haye ta, ba a karkace ba. Giya kuwa tun kafin a soma hawan tudu ake sauya ta, domin sarƙar da aka matsa wa lamba tana tsakiyar ja ita ce ke tsinkewa. Yakan rage wa tayoyi iska kaɗan kafin su shiga daji don su kama ƙasa, amma ba sosai ba, kada dutse ya tsinke robar ciki.

Duk wannan ilimin mutum ɗaya ne. Na ayari daban yake. Tun da gamba ta toshe ido, kunne ne ke aikin gani. Na gaba in ya ga abu sai ya ɗaga murya: "Rami!" Na biyu ya karɓa ya miƙa wa na uku, haka har maganar ta kai ga na ƙarshe. "Saiwa!" "Ƙaya!" "Dutse a dama!" Kalma guda ce ko biyu, ba a tsayawa gina jimla. Kowa yakan bar tazarar keke uku tsakaninsa da na gabansa, don in wancan ya faɗi kada a taru a kansa. Sai babbar doka, wadda Kawu ba ya sassauci a kanta: a kowace mararraba, ba mai juyawa sai ya waiwaya ya ga fuskar wanda ke bin sa. Ba a ɗora wa kowa nauyin mutum takwas ba, mutum ɗaya tak aka ba shi, na bayansa. In kowa ya riƙe nasa, layin zai iya miƙewa ya yi tsawon kilomita guda bai tsinke ba.

Akwai kiran da ya fi kowanne nauyi, shi ne "Mutane!" Da an ji shi kowa zai sauke ƙafa. Turba ba mahaya suka yi ta ba. Matan da ke fita da asuba tsintar 'ya'yan kaɗanya su suka yi ta, da manoma masu zuwa gonar doya, da 'yan matan Fulani masu kai nono da wagashi kasuwa. Mace mai ɗauke da kwano cike a ka ba ta iya yin tsalle gefe don wani ya zo da gudu. Mahayi ne ke ratsewa cikin ciyawa ya riƙe kekensa, ya ce, "Sannu da aiki, Inna," ko ya gaishe ta da Dendanci, ya jira ta wuce. In turba ta ratsa gonar doya, ba a taka tsibin da manomi ya tara da fartanya ko da laka ta cika hanyar. Inda ƙasa ta yi laushi ƙwarai kuwa, sauka ake yi a saɓa keke a kafaɗa, domin taya tara in suka bi wuri ɗaya sukan yanka kwari, ruwan gobe ya bi kwarin ya zurfafa shi, kafin damina ta fita hanyar mutane ta zama kwazazzabo. Samarin sun yi gunaguni da farko. Kawu ya ce musu, "Mu Lahadi kawai muke zuwa. Su kullum ne."

A wani watan Agusta suka yanke shawarar zuwa Jugu. Tsakaninta da Paraku kimanin kilomita 135 ne, yamma maso arewa, a kan kwalta da ke haye kogin Weme a garin Beteru. Wannan hanya ta masu tseren kwalta ce, gasar kekuna ta ƙasar Benin ma takan bi ta. Su kuwa suka ɗaure kekunansu a saman mota suka shiga ciki, domin abin da ya kai su yana gaba. Kimanin kilomita 20 arewa da Jugu, a yankin Kopargo, ƙasa ta soma tashi zuwa jerin duwatsun Atakora, kuma a jikin duwatsun nan ƙauyukan Taneka suke, Taneka Beri da Taneka Koko, masu zagayayyun ɗakuna a tsakanin manyan duwatsu. Turbobin can tsakuwa ne da falalen dutse, irin wanda babu shi a kewayen Paraku.

Ga Kawu, Jugu ta wuce wurin wasa. Garin, wanda yanzu shi ne hedkwatar lardin Donga, kuma tsofaffin rubuce-rubuce ke kira Zugu ko Sugu, babban zango ne a kan hanyar fataken goro. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan taso daga Kano da Sakkwato da sauran garuruwan ƙasar Hausa da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su haye Kwara, su ratsa Borgu, su sauka a Jugu, inda fadar sarki ke unguwar Kilir, 'yan kasuwa Musulmi kuma ke Wangara. Daga nan su nufi Salaga a ƙasar Gwanja, su juyo da goro. Tafiyar watanni ce, kuma da rani ake yin ta, sa'ad da koguna suka janye. Hanyar ta soma rauni bayan Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, yaƙin basasar 1892 ya wargaza Salaga, yarjejeniyar 1898 ta raba Borgu tsakanin Ingila da Faransa, sannan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko ya hau dogo. Ayari ya mutu, amma ya bar zangogi, ya bar jikoki. Kakan Kawu yana cikinsu.

Ayari yana da tsari. Jagaba, kamar yadda sunansa ya nuna, shi ke jan gaba, ya san hanya da mashigan ruwa. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a sauka, shi ke daidaitawa da sarakunan hanya a kan abin da za a biya. Akwai uban dawaki mai taimaka masa, akwai malamin ayari. Abin da Kawu ya riƙe daga bakin kakansa shi ne, wai madugun da ya yi wa hidima ba ya barin zango sai jakin ƙarshe ya tashi, ba ya kuma shiga sabon zango sai ya tabbata ba a bar kowa a daji ba. Da samarin suka ji wannan labari ne suka laƙaba masa sunan, da wasa da farko, daga baya ya bi shi.

Sun kwana a gidan wani ɗan'uwan Kawu. Bayan sallar asuba suka sha koko, kowa ya cika gorar ruwansa, Kawu ya bi kekunan ɗaya bayan ɗaya yana matsa birki yana latsa taya. Jagabansu babban ɗan jami'ar ne, dogo mai ƙarfin cinya, wanda ya sa taswira a wayarsa ya kuma ɗauko wani saurayi ɗan garin ya nuna musu mashiga. Burinsa su kai Taneka Beri kafin azahar, su dawo kafin magariba. Ya shige gaba, masu ƙarfi suka bi shi, Auta na takwas a kan wani keken aro da ya fi shi girma, Kawu na tara da jakar sifana da famfo da kayan faci.

Sa'o'i biyun farko tafiya ta yi daɗi. Suka ratsa gonakin masara da dawa, suka bi ƙarƙashin kaɗe da ɗorawa da lambunan kashu, kira yana tafiya daga baki zuwa baki. Da suka soma hawa sai ƙasa ta canza. Tsakuwa ta riƙa gudu a ƙarƙashin taya, turba ta riƙa bi ta kan falalen dutse inda ba sawun da za a bi sai ɗan hasken da ƙafafu suka goge. Masu ƙarfi suka ji abin da suka zo nema, ana jin ihunsu daga nesa. Auta kuwa ya sauka sau uku ya tura. Kawu bai ce masa ya yi sauri ba. Na baya yana ganin abin da na gaba ba zai taɓa gani ba: ya ga kafaɗun yaron sun soma sauka, ya ga ya daina shan ruwa don kada a ce ya tsaya, ya ga ƙafarsa na rawa a kan feda. Sai ya ce, "Auta, tsaya ka taya ni, numfashina ya ɗauke." Suka zauna a kan dutse, ya fito da ƙuliƙuli da dabino, ya ce shi ba ya iya cin abu shi kaɗai.

Da suka tashi, a tsakiyar wani ɗan tudu, yaron ya sauya giya yana tsaye a kan feda da dukkan ƙarfinsa. Sarƙa ta ce ƙaras, ta zube a ƙasa. Ya tsaya yana kallonta, idonsa ya ciko, domin keken ba nasa ba ne. Kawu ya tsuguna ya shimfiɗa tsumma. Gyaran sarƙa a daji ba wuya gare shi ba ga wanda ya iya, a cire gaɓar da ta lalace a haɗa sauran, sai dai yana son natsuwa, kuma sarƙar za ta gajarce, ba za ta ƙara hawa babbar giya ba. Yana cikin haka iska ta juya. Ya ɗaga kai ya ga gabas ta yi baƙi ƙirin.

Can gaba, na bakwai, wato mai koyon ɗinki, ya iso wata mararraba ya waiwaya bai ga kowa ba. Ya tsaya. Ya ƙwala wa na shida kira, na shida ya miƙa, har maganar ta riski jagaba a bakin wata ƙorama. Ruwanta a lokacin bai kai gwiwa ba. A ƙetarenta turba ta miƙe ta hau, har ana hango jinkayen Taneka. Waya ba ta kamawa a cikin kwarin.

"Yaya, mu haye tun ruwan bai zo ba," in ji ɗan mahauci. "Mu jira su a can ƙauyen. Ai Kawu ya san hanya."

Maganar ba ta banza ba ce. Sun biya kuɗin mota, sun yi wata biyu suna shiri, ga wurin a gabansu tafiyar rabin sa'a. A ƙauye kuma akwai ɗaki, a nan kuwa babu. Jagaba ya dubi hadari, ya dubi ruwan. Saurayin garin ya ce musu irin wannan ƙorama da ke saukowa daga dutse ba ta da alkawari, in aka yi ruwa a sama takan cika kafin a gama cin tuwo, kuma takan kwana ba ta sauka ba. Lissafin ya fito fili. In suka haye, mutum bakwai za su kasance a wancan gefe, dattijo da yaro a wannan gefe, da dukkan kayan gyara, ba mai jin labarin wani har gobe. In kuwa yaron rauni ya ji, Kawu shi kaɗai ba zai iya fitar da shi da kekuna biyu ba.

Jagaba ya yi shiru na ɗan lokaci. Shi ne ya fi kowa son isa, kowa ya sani. Sannan ya juya kan kekensa ya ce, "Ban ga fuskar na bayana ba." Ba na bayansa na zahiri yake nufi ba, wancan yana tsaye kusa da shi. Suka juya, layin ya koma da baya, na ɗaya ya zama na ƙarshe.

Sun iske Kawu yana goge hannu, sarƙa ta koma wurinta. Bai ce sun kyauta ba, bai tambayi abin da ya faru a bakin ruwa ba. Ya ƙirga su da ido ya ce, "Akwai bukkar gona a bayanmu kaɗan. Kada kowa ya fake a gindin bishiya." Suna isa aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mai gonar, wani dattijo da ba ya jin Hausa, ya matsa musu wuri, aka gaisa da Dendanci, ya tura musu gasasshiyar sabuwar doya. Mutum goma sha ɗaya a bukkar da aka yi don uku, kekuna a waje ruwa na wanke su, tsawa na faɗuwa a kan duwatsu. Da aka ɗauke bayan la'asar, biyu daga cikinsu suka koma su dubo ƙoramar. Tun kafin su iso suka ji rurinta. Ta cika ta batse, jajawur, tana jan rassan itace, dutsen da jagaba ya dafa ƙafa a kansa ɗazu babu alamarsa.

Ba su ga Taneka ba a wannan zuwan. Komawa ta fi zuwa wuya, domin birkin da ke kama bakin taya ba ya ci in ya jiƙa, dutse ya yi santsi, laka ta yi nauyi, rabin hanyar a ƙafa suka yi ta da kekuna a kafaɗa. Jagaba ya karɓi keken Auta mai nauyi ya ba shi nasa marar nauyi, ya sauke masa sirdi. Suka shiga Jugu ana kiran isha'i, ba mai gane launin rigar wani.

Wanda ya zauna a baya yana biyan kuɗin wurin. Ba ya samun sabuwar turba, sai wadda taya takwas suka dama. Ba ya sakin keke a gangara yadda ransa ke so, domin kullum akwai mai rauni a gabansa. In an dawo gari ana ba da labari, sunan wanda ya haye dutse ba tare da sauke ƙafa ba ake ambata. Kawu ya fi yawancinsu iya hawa, sun sani, domin sun taɓa ganinsa shi kaɗai a gangaren Okpara. Wani daga cikinsu ya taɓa tambayarsa ko ba ya marmarin shiga gaba ko sau ɗaya. Ya ce gaba ai wurin mai ido ne, kuma idonsa ya soma gajiya. Ba wanda ya yarda, ba kuma wanda ya ja maganar.

Ɗalibin Hausa zai lura cewa harshen ya ba gaba kusan dukkan girma. Shugaba, jagaba, magabata, ci gaba, duk daga nan suka fito. Baya kuwa ta samu koma baya, da ci baya, da juya baya. Amma ita ce kuma ta ba da goyon baya, daga goyon da uwa ke yi wa ɗanta, da rufa baya, da mara baya, kalmomin da ake nema ranar da tafiya ta yi tsanani. A gwadabe mutum na iya mantawa da waɗannan, tun da kowa na ganin kowa, mai sauri ya wuce ta gefe abinsa. Turba ba ta da gefe.

Washegari da hantsi, a tsakar gidan da suka sauka, aka kifa kekuna tara a kan sirdi da kai ana wanke su kafin mota ta zo. Kawu ya kira Auta ya miƙa masa wata tsohuwar sarƙa da abin cire gaɓa, ya ce ya tsinka ta ya haɗa, ya sake tsinkawa ya haɗa, har sai hannunsa ya iya ba tare da ido ba. Yaron ya tambaye shi ko don kada ya sake tsayar da mutane ne. Kawu ya ce, "A'a, ɗana. Jakar nan ta soma yi mini nauyi, kuma baɗi ma akwai wanda zai zo bai iya ba." Jagaba na gefe yana duba taswira. Ya ce in Allah ya kai rai, a ƙarshen Disamba akwai ɗan hutu, lokacin ƙoramar ta bushe.